Bedin Ƙofar Gidanmu

Taki biyu ne tsakaninsa da katangarmu.
Na auna da ƙafata, yaron meri ya auna da igiya,
muka tashi da magana ɗaya:
bedin nan ba a filinmu yake ba.

Amma babana ne ya dasa shi,
shekarar da famfon Garin Malam ya yi wata biyu bai ɗiga ba.
Ya kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki,
yana alwala a gindinsa sau biyar a yini
don kada ruwan ya tafi a banza.
A Damagaram, inda dutse ya fi rijiya yawa,
wanda ya shayar da itace
daga tulun ɗakinsa ya rage.

Yau ga shi ya wuce wayar lantarki.
Gambo mai faci ya rataye tayoyinsa a reshe,
ƴan kabu-kabu sun mai da gindinsa tasha,
Tsahara na tuyar ƙosai daga gabas,
akuyar da aka yi wa shingen ƙaya
jikokinta na tuƙa a inuwar.
Ba wanda ya taɓa tambayar mai shi.

Sai in ganye ya zubo.
Ran nan nawa ne: ina tsintsiyarki?
In bazara ta kai wuya ya fara sunkuyar da kai,
nawa ne, ni ke tare mai ga-ruwa,
bido biyu, ɗaya na tukunya, ɗaya nasa.
Ran da na ɗora yaro ya rage reshen da ke goga mana kwano,
kafin gatari ya sara sau uku
ga na gandun daji bisa babur da takarda:
itacen hukuma ne, wa ya ba ki izini?
Na biya tara. Na share guntayen.

Sai kuma saiwa ta bi ta ƙarƙashin ƙasa,
ba ta san bangon kowa ba,
ta tsaga katangar Kiyari tun daga tushe.
Ya kira ni ya zura hannu cikin tsagar har gwiwa.
Bai ɗaga murya ba.
Ya ce, itacen ubanki ne.
Na ce, na hukuma ne, ga takarda.
Ya ce, hukuma ba ta kwana a ɗakin nan, ƴaƴana ne ke kwana.
Na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce.

Mai unguwa ya ce mu je meri,
meri ta ce sai gandun daji,
gandun daji suka ce mai sa hannu ya tafi Mirriya.
Muka dawo a mota ɗaya, kowa na kallon tagarsa.

Ana nan tsohuwar Kiyari ta cika.
Gidansu ƙunci, rana kuwa ba ta zaman makoki.
Kwana uku tabarmi na shimfiɗe a gindin bedin,
mutanen Birni, mutanen Zango, har baƙi daga Gure,
ba wanda ya yi gumi.
Ina kallo ta ƙofar zaure
Kiyari ya jingina bayansa da kututturen
yana amsa gaisuwa.

Bayan bakwai muka haƙa tare, shi da diga, ɗana da shebur.
Saiwa ɗaya muka yanke, mai kaurin cinya,
muka raba kuɗin siminti ba daidai ba,
kuma har yau kowa na ganin shi aka ƙwara.

Gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.
Amma jiya da asuba na fito da tsintsiya,
na tarar gindin a jiƙe,
ga sawun buta a kan yashi,
ga sawun takalmin da ba na gidanmu ba.